Hoton Ƙirjin Inna

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Shekara uku ke nan da komawarki Zariya, ko saƙon baki ban taɓa aika miki ba. Amma abin da na gani ranar Asabar ya hana ni sukuni.

Goggo ce ta aike ni ɗakinki in ɗauko babbar kwalla, za a yi suna a maƙwabta. A ƙarƙashin zannuwanki na tarar da wata babbar ambulan, a ciki akwai baƙin hoto irin na asibiti da kati mai sunanki. Na ɗaga hoton saitin taga. Inna, sai da na zauna a ƙasa. Ƙirjinki ne. Na gane shi don a zangon nan muka zana shi a aji, haƙarƙari a jere, huhu biyu a ciki. Sai dai naki na dama ya yi fari daga sama, kamar an goga masa alli.

Ranar Litinin na kai wa malamarmu ta kimiyya, Bayarabiya ce. Ta karanta katin, ta dube ni, ta ce, "Pele," wato sannu a yarensu, "tarin fuka ne. Na waye?" Na kasa cewa naki ne.

A Sabo ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan sunan. In an tambaya, "ƙirji ne ke damunta" kawai ake cewa, yadda ake faɗi ga mai mura ko wanda ya yini ɗaukar buhun albasa a kasuwar Bodija. Ni ma haka na ɗauka.

Shi ya sa ban gane ba da kika ware kofinki da cokalinki. Kika daina yi mini kitso. Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare na rugo zan faɗa jikinki, kika tare ni da hannu, kika kau da kai, kika ce, "Tsaya daga nan." Goggo ta ce kunyar 'yar fari ce. Ban yarda ba, don a da in ba kowa a tsakar gida kikan kwantar da kaina a ƙirjinki. Sai na yanke cewa kin daina sona.

Duk Sallah in kaset ɗinki ya iso, kowa ya zauna gaban rikoda, ni in ɗauki bokiti in tafi famfo. In an ce in yi magana a mayar miki, in ce ina da aikin makaranta.

Jiya na ajiye hoton a gaban Goggo. Sai ta ce ke kika roƙi Baba ya mayar da ke gida don kada in ɗauka, kika kuma hana a gaya mini, kada 'yan ajinmu su guje ni. Ta ce a ƙarshen kowane kaset sai kin ce, "Ina 'yar makarantar? Ko an aike ta?"

Ba a aike ni ba, Inna. Ki yafe mini.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce, ya nuna mini fuskarki.

Direban motar goron da zai kawo wannan takarda zai juyo ranar Laraba. Kada ki wahalar da numfashinki da doguwar amsa. In kin yarda in sake rubuto miki, ki ce masa "to" kawai. Zan tare shi a zaure in tambaye shi da kaina.

'Yarki,
Hadiza