Hayaƙin Daji da Hayaƙin Kicin

Litinin, 9 ga Disamba
Kwana shida ke nan wutar daji na ci a bayan tsauni. Rana ja wur. Likita ta ce da huhu irin na mijina Merv, kada ya leƙa ko ƙofa sai hayaƙi ya lafa. Shekara arba'in da aurenmu, ban taɓa ganin ya wuni a ɗaki ba. Na toshe ƙasan ƙofofi da jiƙaƙƙun tawul.

Alhamis, 12 ga Disamba
Na kama shi a lambu yana ba tumatir ruwa, takunkumin hanci a aljihu. Na ce, "Sai ka kashe kanka hankalinka zai kwanta?" Ya ce, "To, gandiroba, na ji." Na ɓoye takalmansa. Ni na ƙarasa ban ruwan, ina tari.

Asabar, 14 ga Disamba
Na gaji. Zafi, tagogi a rufe, fanka na ta juya iska ɗaya.

Laraba, 18 ga Disamba
Ya daina faɗa da ni, kuma wannan ya fi damuna. Yana zaune gaban taga tun safe. Rabin burodi ya ci. Da na yi masa maganar tumatir, cewa ya yi in bar su su mutu.

Lahadi, 22 ga Disamba
'Yarmu Bronwyn ta zo daga Canberra da wata 'yar na'ura mai auna dattin iska. Ta ajiye ta a kan tebur ina soya nama a murhun gas. Na'ura ta yi ja. Ta fita da ita baranda, lamba ta sauka. Ta ce da safen nan iska daga teku take, waje ya fi cikin gida tsabta. "Mama, ba laifinki ba ne." Ban ce laifina ba ne ai.
Merv ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce ashe ni ce wutar dajin.
Na shiga banɗaki na daɗe. Mako biyu ina kulle da shi, ina soya masa abinci sau biyu a rana.

Talata, 24 ga Disamba
Dafaffen ƙwai da latas. Da yamma hayaƙi ya dawo, na'ura ja ko'ina. Ba inda za a gudu.

Juma'a, 27 ga Disamba
Iskar teku da sassafe. Na ce masa minti ashirin, ba ƙari. Ya fita da sanda, ya tsaya a bakin shinge yana gardamar wasan kurket da maƙwabcinmu Col, murya har titi. Na fito kiransa da kofin shayi a hannu, sai na zauna a kan matakala, don in huta ƙafafuna ne kawai.
Sai da shayin ya huce na tuna ban duba agogo ba. Bai sani ba, kuma ba zan faɗa masa ba.