Katin Inna Bai Zo Ba

Zuwa ga Shugaban ofishin bayar da takardun ƙetare iyaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Bello Isa, malamin gona ne ni a nan Illela. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagewa, domin ban tabbata ko ofishinka ya kamata in kai ƙara ko kaina ba. Na rubuta ta a fili ne saboda matsalar ba ta gidanmu kaɗai ba ce.

Na ɗaya. Shekara da shekaru da takarda guda muke ƙetare iyaka mu shiga Konni: rubutun hannu ce da hatimi, sunan maigida a sama, na iyalinsa a ƙasa. A watan Janairun bana, 1987, aka ce an soke ta. Kowa zai cika fom, a ɗauki hotonsa, a aika birni inda wata na'ura da ake kira kwamfuta za ta ba shi lamba, sannan kati ya zo. Ban ƙi wannan ba, har yabonsa na riƙa yi a majalisa. Ni na lallashi mahaifiyata, Inna Hajo, ta ciro tsohuwar takardarmu daga cikin kwallarta, don sai an mayar da tsohuwa ake karɓar fom.

Na biyu. A fom ɗin akwai gurbin wurin haihuwa. Ranka ya daɗe, a nan mace mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, sai ta gama wankan jego ta dawo ɗakinta. Kakata 'yar wani ƙauye ce a bayan Konni, Inna kuma ita ce 'yarta ta fari. Don haka a can aka haife ta, aka goyo ta zuwa Illela tana jaririya, yau kusan shekara saba'in ke nan. Sunan ƙauyen na rubuta. Akawun da ke karɓar fom, mutumin kirki, ya duba ya turo mini shi ya ce, "Malam, mi yak kai ka? Rubuta Illela, kowa haka shika yi." Na ƙi, domin a ƙasan fom ɗin mutum yana sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Na uku. Katina da na matata sun zo cikin mako uku. Na Inna shiru. Ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, na duba shi kafin in faɗi wannan: sau bakwai na je ofishinku. A zuwa na biyar aka gaya mini na'ura ta ware sunanta cikin baƙi 'yan wata ƙasa, kuma babu wanda zai iya taɓa shi daga nan. Da na gaya wa Inna sai ta yi dariya ta ce, "Shi wannan injin, ina yas san ni?" A lokacin ni ma dariya na yi.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyin. Wata ranar Alhamis saƙo ya zo cewa jikin ƙanwar Inna, Rabi, wadda ke aure a Konni, ya tsananta, tana kiran sunan yayarta. Na kai Inna bakin shingen iyaka. Jami'in baƙo ne, bai san mu ba. Bai wulaƙanta mu ba, har kujera ya ba ta, amma ya ce babu kati babu wucewa. Maƙwabcinmu Malam Garba ya ce a kawo ta ya kai ta a amalanken jakinsa ta cikin gonaki, kafin la'asar suna can. Na hana. Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma idan aka tare tsohuwar da sunanta ke cikin baƙi, wa ya san ko za a bar ta ta dawo? Na ce a jira Litinin in sake zuwa ofis. Rabi ta rasu ran Asabar.

Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa ma'aikatanka ba. Inna ba ta gaya mini baƙar magana ko ɗaya ba. Ta dai daina tambayar katin, kuma in na shiga gaishe ta amsar ba ta wuce "lafiya lau". Har yanzu ina juya abin a raina: ko gaskiyar da na rubuta ce kuskuren, ko tsoron da na ji. Abin da na sani shi ne, tsarin da zai sa mutum ya zaɓa tsakanin ƙarya a fom da mahaifiyarsa yana da gyara.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ba jami'in da ke nan ikon tabbatar da irin su Inna da shaidar mai unguwa, ba sai takarda ta koma birni ba. 'Ya'yan fari da aka haifa a ƙetare suna da yawa a Illela da Araba da Darna, akasarinsu ba su san suna cikin baƙi ba, wasu kuma sun tsira ne don sun bi shawarar akawu. Haka nan a daina karɓe tsohuwar takarda kafin sabon kati ya iso hannun mai shi.

Sai na gidana. Ran Laraba mai zuwa za a yi addu'ar arba'in ɗin Rabi. Ina roƙo a ba Inna ko da takardar kwana biyu ce. In Talata ta wuce babu, na riga na yi magana da Malam Garba. Za mu tashi da hantsi ta gonakin Araba, ina zaune kusa da ita a amalanke, katina a aljihu. Na faɗa tun yanzu don kada a ce a ɓoye na yi, kuma duk hukuncin da ya biyo baya, ni za a nema, ba ita ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon adalci, ya ja kwanan iyayenka in suna raye, ya jiƙan su in sun riga mu.

Wassalam.

Bello Isa,
Illela.