Zanen da Baffa Ya Bayar a Wurin Biki

Gujranwala,
cikin watan Shawwal.

Zuwa ga ƙanina Ishtiaq,

"Baji, shekara biyu kacal. In ga yadda manyan kamfanoni ke aiki, in dawo mu tayar da masana'antar Abbu, ke kina zane, ni ina fuskantar masu saye." Kai ka faɗa mini haka, ni yayarka, a tsakar gida ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, hannunka bisa kan mahaifiyarmu Ammi. 'Yarka Mahnur, wadda ba a ko haife ta ba a lokacin, yau za ta iya karanta maka wannan takarda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Fushi bai hana ni sallama ba, don ba a gidan da ake shiga ba sallama aka rene mu ba. Ina roƙon Allah ya same ka lafiya, kai da Uzma da yara, ya raba ku da sanyin Kanada da duk wani abin ƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwoyin Ammi sun matsa mata, yanzu a zaune take salla, amma bakinta na nan daram. Ta ce ka daina aiko mata da man shafawa, ka aiko mata da fuskarka. Maigidana Rafiq yana nan yana fama da 'yan makaranta. Ustad Fazal Din, babban maƙerinmu, idonsa ya fara hazo, sai ya kai ƙarfe dab da hanci kafin ya ga layi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon waya, don a waya kana da dabarar cewa layi ba kyau.

Ka san Chaudhry Mumtaz na Kamoke, mai injin casar shinkafa, mijin 'yar gwaggo Zarina. Bara ya zo yana son injin busar da shinkafa, amma filinsa tsukukke ne, rijiya a gefe ɗaya, katangar masallaci a ɗaya gefen. Injinan da ake saukewa a Karachi cikin kwantena ba wanda zai shiga wurin, kuma irin wannan aiki shi kaɗai ya rage mana a duniya. Ni da Ustad muka je muka yi awo cikin ƙaiƙayi har na kwana uku ina tari. Na ƙare sanyin bana gaba ɗaya a ɗakin sama ina zane, ina gogewa, ina sakewa, domin duk zuwan da Chaudhry zai yi shan shayi sai ya zo da sabon tunani. Yau a ɗaga bututun hayaƙi, gobe a juya bakin zuba shinkafa gabas don ɗansa ya gani a waya. Duk na gyara. Na sa rai aikin zai riƙe mu har girbi.

Sai bikin 'yar Baffa Barkat, ɗan'uwan Abbu da ke riƙe da masana'antar, ya zo. Ana cikin walima, tukwanen biryani a buɗe, dangi maƙil, Chaudhry ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce wai Barkat Sahib, 'yar ɗan'uwanka ta zana mini inji amma tana ɓoye takardun kamar gwal ɗin amarya, ko dai ba a yarda da ni ba ne a gidan nan? Mutane suka yi dariya. Ka san Baffa, ka san abin da dariyar dangi ke yi wa rawaninsa. Nan take ya tura direba ya buɗe ɗakina, ya kwaso naɗin zanen duka, Baffa ya miƙa wa Chaudhry da hannu biyu a gaban jama'a, yana cewa maƙeran gidan nan ba su taɓa sayar wa baƙo takarda ba, balle suruki, a ranar farin cikinsu. Aka tafa masa. Ni ina ɓangaren mata ina zuba wa matar Chaudhry miya, ban san an yanka ni ba.

Daga nan Chaudhry ya ɗauke ƙafa. Ya kai zanen rumfar Sheikh Arshad da ke bakin babban titi, aka ƙera masa da ƙarfe mai kaurin murfin tukunya. Da na tunkari Baffa sai ya ce in kwantar da hankalina, takarda ce, hannun da ya zana ta yana nan, in zana wata. Ya ƙara da cewa karatu ya yi mini yawa, shi ya sa nake ganin ɓarawo a fuskar kowane ɗan'uwa.

Kada ka ɗauka nan ta tsaya. Ana wata ga wata. Injin ya fara aiki ya kama rawa kamar mai zazzaɓi, walda ta tsage, sai ga Chaudhry a ƙofarmu yana huci, wai zanen gidanmu ne ya cuce shi, ga sunan Abbu a ƙasan kowace takarda. Ni na tsaya bayan labulen ofis na ce masa zanen ya ce ƙarfe mai kauri, shi ya zaɓi gwangwani. Ya ce da Baffa wai tun yaushe labule ya fara magana a masana'antar nan. Ka san abin da Baffa ya yi? Ya sa aka kawo masa lassi, damammen nono mai sanyi, ya ba shi haƙuri, sannan ya kwashi Ustad da masu walda biyu ya tura su Kamoke su gyara aikin Sheikh Arshad kyauta, don kada a ce sunan gida ya faɗi. Aikin wani mai matsar man ƙwaya daga Hafizabad, wanda ya zo da gaskiyarsa, yana nan yashe a ƙasa har mutumin ya gaji ya janye. Ustad da ya dawo, tsoho da shi, ƙaiƙayi har cikin gemu, ya ce mini, Baji, a da muna ƙera inji, yanzu mun koma masu wanke wa ɓarawo kwano. Ɗaya daga cikin masu waldar ya karɓi biza, ya tafi Katar.

Ishtiaq, ni ma ina karatu, ba sai an je Kanada ba. Mujallun da kake aikowa na karance su, har da waɗanda ba ka buɗe ledarsu ba. Ba za mu taɓa kayar da injin kwantena a araha ba, ko da za mu daina cin abinci. Abin da muke da shi shi ne mu dubi filin mutum mu san abin da zai shige shi, kuma wannan sanin a cikin zane yake zaune, ƙarfe kowa na iya lanƙwasa shi. Masu irin sana'armu da suka rayu a wasu wurare, zanen suke fara sayarwa, kuma in mai saye ya sauya ra'ayi a tsakiyar aiki sai a zauna a sake magana. Na ma nuna wa Baffa yadda za mu riƙa yin gindin inji iri ɗaya, sai samansa ya bambanta gwargwadon bukatar mutum, aiki ya yi sauri. Ya ce Abbu bai yi haka ba. Gaskiya ne. A zamanin Abbu mutum zai riƙe zane a hannu ya rasa inda zai kai shi, don mu kaɗai ne a layin. Yau ko wane lungu akwai mai injin walda da waya mai ɗaukar hoto. Karamcin da ya gina gidan nan shi ne yake rushe shi, kuma ana tafa masa.

Rabona na gado a masana'antar, ni kaɗai, bai isa ya ɗaga murya a gaban Baffa ba. Nawa da naka in an haɗa sun rinjayi nasa. Sau nawa na roƙe ka ka je ofishin jakadanci ka sa hannu a takardar wakilci, ka kuma kira Baffa da bakinka na ɗa namiji ka ce daga yau zane ba ya fita sai da izinina? Kullum amsarka a bi shi a hankali, babba ne, kada a ɓata zumunci. Sai ka biyo da dogon saƙon murya kan yadda ake tsara aiki a kamfaninku. Tusa ba ta hura wuta, ƙanina. Kai kake tsaron zumunci daga nesa, ni nake biyan kuɗinsa da idona da bayana.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai Rafiq. Sheikh Arshad ya aiko matarsa gidana da kwalin alewa. Ta zauna, ta sha shayi, ta ce mijinta ya ce ya daɗe yana ƙera injina daga zanena ta hannun surukanmu da abokan Baffa, ya ga gara ya ɗauki mai zanen gaba ɗaya, da albashi da ɗaki nata na kanta. Na so in watsa mata shayin. Da ta fita sai na zauna na yi kuka, domin tun da na fara riƙe fensir, ɓarawon nan shi ne mutum na farko da ya ce zanena ya cancanci a biya.

Na ba ka zuwa Juma'ar farko bayan Babbar Salla. In takardar wakilci ta iso kuma Baffa ya ji muryarka, zan tsaya, ko da yake ban tabbata akwai sauran abin ceto ba. In ba ta iso ba, ranar Asabar zan naɗe tabarmar sallata, in ɗauki fensirorina, in miƙa wa Baffa makullin ɗakin sama, in tsallaka titi. Ka san abin da zai biyo baya, domin ba wanda ya iya zane a gidan nan sai ni.

Ka gaishe mini da Uzma, ka shafa kan Mahnur da Shahir. Ammi na sa muku albarka, ba ta san komai ba tukuna. Rafiq na gaisuwa. Ustad Fazal Din ya ce in tambaye ka ko ya fara neman wani wurin, na ce ya jira amsarka.

Yayarka,
Shagufta