Kujerar Baba Yohanna

Lahadi, da dare

Na kasa cin tuwo. Yau ni ce mai zaunar da mutane a coci, ni kuma na tayar da Baba Yohanna, tsohon sojan nan na Shadawanka, daga kujerar gaba, wai ta manyan baƙi ce. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ba komai, 'yata. Dama kunnen ne ya yi nauyi, daga baya ba na jin wa'azi."

Baƙin ba su zo ba. Har aka tashi ba kowa a kujerar, fasto yana ta wa'azin tawali'u.

Lahadi mai zuwa da hannuna zan zaunar da shi a gaba. In dattawan coci za su tashe shi, sai dai su tashe mu tare.