Shinkafar da Hajiya Ta Shanya a Springfield

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah a taimaka mini da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina nadama. Ni injiniya ne, ina zaune a Springfield da maiɗakina da 'ya'yanmu. Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko mahaifiyata daga Gumel domin a yi mata aikin yanar ido. An yi wa ido ɗaya, an dace, saura ɗayan. To Malam, tun ranar da aka cire mata bandeji hankalina bai sake kwanciya ba.

A unguwarmu, ranar da motar shara za ta zo, kowa yakan fitar da abin da ya gaji da shi ya ajiye a bakin titi. Hajiya ta gano wannan rana. Da ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta yafa mayafi ta fita, wai miƙe ƙafa. Yau ta dawo da kujera, wani makon fitila, ko tukwane, ko keken yara, har wata katifa ta taɓa jawowa. Sai ta wanke su tas ta jera a gareji. Garejin kuwa dama a cike yake, motocinmu a waje suke kwana, ga ɗakin ajiya da nake haya a bakin babban titi, shi ma babu wurin sa ƙafa. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa nan ba a yin haka. Sai ta tambaye ni ko masu kayan rasuwa suka yi, har ta fara yi musu addu'a.

Ta kuma ɗaura igiya ta shanya zannuwanta, ga injin busar da tufafi a gida. Ƙungiyar masu gidajen unguwa ta yi mana gargaɗi, domin dokarsu ta hana shanya a inda ido zai gani. Wannan ma na haɗiye.

Abin da ya tunzura ni shi ne walimar saukar 'yarmu Aminat. Mun sa an dafa abinci mai yawa don gudun kunya, aka ci aka bar fiye da rabi. Firij biyu da firiza duk a cike, sai muka ƙulle sauran a leda muka kai shara. Da safe na leƙa farfajiyar baya, sai ga shinkafar walima a baje kan tabarma, Hajiya na zaune da sanda tana korar kurege da tsuntsaye. Wai busarwa za ta yi kamar yadda ake yi wa ƙanzo.

Ashe maƙwabciyarmu Pauline ta gan ta tana kwance ledar. Da yamma sai ga ta da kwali cike da taliya da abincin gwangwani daga cocinsu, tana rarrashinmu da cewa kowa yakan shiga matsi, ba abin kunya ba ne. Malam, maiɗakina likita ce! Ɗaki ta shige tana kuka. Ni kuwa na ɗaga wa Hajiya murya, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Tun daga ranar ba ta zama cin abinci tare da mu, gaisuwa ma a taƙaice take amsawa.

Yanzu tunanina in mayar da ita gida, a ƙarasa aikin idon a Kano, kowa ya huta. Na san uwa ce, amma ni ma ina da mutuncin da nake karewa a unguwa. Yaya zan yi?

Ɗan Hajiya, Springfield

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ɗana, na karanta wasiƙarka, kuma ina taya ka jajen wannan babbar jarrabawa. Allah Ya jarrabi wasu da yunwa, wasu da gudun hijira, kai kuma Ya jarrabe ka da firij biyu da firiza waɗanda suka ƙi karɓar ƙari. Allah Ya ba ka juriya.

Na daɗe a ƙasar nan har gemuna ya yi fari a Landover, kuma har yau ina mamakin hikimarta. Ƙasa ce da ake shayar da ciyawa ruwan da ɗan Adam ke sha, a yi mata taki, idan ta girma a aske ta a zubar, babu akuyar da ta ɗanɗana, wanda kuma ya bar tasa ta yi tsawo a hukunta shi. Mutum ya hau mota ya je inda zai biya a bar shi ya yi tafiya a kan inji. Rana tana fitowa kyauta daga Ubangiji, amma shanya a cikinta laifi ne. Kayanka suna kwana a gareji, rarar kayan an kama musu ɗakin haya, alhali akwai bayin Allah da ke kwana a bakin tashar jirgin ƙasa. A cikin wannan tsari duka, wadda ka gano tana da matsala ita ce tsohuwar da ta ga shinkafa ta ce abinci ce. Madalla da karatun injiniya.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ko a bakin kogi mutum yake alwala, ba a so ya ɓarnatar da ruwa. Israfi ba ya zama halal don ka saya da guminka, kuma ba ya sauya suna don an ƙulle shi a baƙar leda. Kada ka ɗauka da kai kaɗai nake. Duk mai son ganin taƙawarmu ya leƙa kwandunan sharar masallatanmu bayan buɗa-baki a watan azumi.

Sai dai adalci ya wajaba, kai ma kana da gaskiya ta wani gefen. Abincin da ya kwana a shara yana iya cutarwa, kuma addini bai yarda mutum ya cutar da kansa ba. Katifar bakin titi takan zo da kuɗin cizo. Shinkafa a fili tana gayyato ɓeraye, ɓera kuwa ba ya sanin iyakar gidanka da na maƙwabci, ga haƙƙin maƙwabci mai nauyi. Dokar unguwa kuma, ko da ta ba ka dariya, ka amince da ita ranar da ka shiga gidan, Musulmi kuwa yana cika alkawari. Hawayen maiɗakinka ma ba na banza ba ne, ka rarrashe ta.

Ga abin da nake gani. Kafin komai, ka je ka durƙusa ka nemi gafarar Hajiya yau, ba gobe ba. Wanda aka hana ya nuna wa iyaye ko ƙosawa, ina ga ɗaga murya? Bayan ta huce, ka roƙe ta ta bar katifa da duk abin da ya riga ya shiga shara, ka gaya mata dalili. Amma ku ma ku daina kai mata aiki can. Ku damƙa mata ragamar abincin gidan, ita za ta faɗi abin da za a dafa da abin da za a ɗumama. In an yi taro, a raba sauran tun baƙi ba su watse ba. Ƙanzonta kuma a busar a murhun gashi. Kada ka sayo mata sabon injin busarwa, don na san shi ne abin da zai fara faɗo maka a rai.

Kujeru da tukwanen da ta wanke, akwai masu jiransu. A nan Landover akwai iyalan da suka iso kwanan nan, a ƙasa suke cin abinci, a ƙasa suke kwana. Ka ɗauko Hajiya da kayanta ranar Asabar, limamin kowane masallaci zai nuna muku ƙofofin. Ku biya ta ɗakin ajiyar nan naka, domin abin da ka shekara ba ka nema ba, ba naka ba ne, gadinsa kawai kake yi.

Ita kuwa Pauline, ta ga abin da ta zaci yunwa ce a gidan maƙwabci ta kasa zama. Wannan darasin namu ne, ita ta aikata shi. Ku dafa abinci mai kyau, daidai cikinta, Hajiya ta kai mata da hannunta.

Batun mayar da ita gida kuwa, ban ba ka goyon baya ba ko kaɗan. Ba don lafiyarta kake so ba, don idon unguwa ne, kuma unguwa ba za ta tsaya maka ranar hisabi ba. Da ido ɗaya Hajiya ta ga abin da ku masu ido biyu da tabarau kuka shekara kuna tsallakewa. Na fahimci fargabarka game da ranar da za a buɗe na biyun. Ka daure, a buɗe shi a nan, kuma ka gyara gidanka kafin a cire bandejin.

Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sanyaya zuciyarta a kanka, Ya yi wa Aminat albarka a karatunta, Ya kuma ba mu ikon gane ƙoshi idan ya zo.