Junia da Akwatunan da Suka Rasa Launi

Ku da 'ya'yanku suka iya jera sarakunan Rum tun daga na fari, ga kacici-kacici daga tsohuwar da karatunta ya tsaya a aji takwas. Wani abu ne, ta kunne yake shiga, ta baki yake fita, yana cin kyauta a gaban jama'a, amma shi da ido ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Mene ne? Ku riƙe shi a kumatu kamar alewa, mu ji wasiƙar wannan watan.

Kaka Verna,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa kafin ƙarshen zango, don bayan nan amsar ba za ta amfane ni ba.

Ni ce mai kula da kayan karatu a haɗakarmu. Iyalai ne masu koyar da 'ya'yansu a gida, ran Talata kuma mu taru a ɗakunan ƙasa na cocinmu a nan kudancin jihar Ohio ta Amurka mu yi darasi tare. Tsarin nan na mataki uku muke bi. Ƙanana suna matakin nahawu, inda komai hadda ce da waƙa. Daga nan sai manɗiƙi, inda yaro zai karanta littafi da kansa ya kare ra'ayinsa, sannan balaga, wato fasahar iya magana.

Da na karɓi aikin, kayan a hargitse suke. Na rarraba su cikin kwalaye, na liƙa wa kowanne salatif mai launi: ja na tarihin zamanin da, shuɗi na tsakiyar zamani, kore na sabon zamani, rawaya na harshen Latin. Har iyaye daga wasu haɗakar suna zuwa ganin tsarin. Na faɗi wannan ne don ki san ni ba malalaciya ba ce, ko da yake ban san me ya sa nake son ki sani ba.

Ina da 'ya mai shekara goma, bari in kira ta Junia. Duk waƙar da aka rera sau biyu ta zauna mata, ko ta tarihi, ko ta kogunan duniya, ko ta sarrafa kalmomin Latin. Misis Oberholt, shugabar haɗakar, ƙamus mai kitso take ce mata. Rubutunta na kwafi ya fi nawa kyau. In aka ce a ɗauko wani kwali, kafin a rufe baki ta kawo shi.

A ƙarshen hunturu ƙanƙara ta narke, ruwa ya shiga ɗakin ajiyar, kwalayen suka jiƙe suka ruɓe. Muka sayo akwatunan roba duk iri ɗaya, wata uwa ta kawo injin buga suna, aka liƙa wa kowanne baƙin rubutu a kan farar takarda. Har murna na yi, na ce yanzu mun zama manya.

Talatar da ta biyo baya na aiki Junia ta ɗauko akwatin taswirorin tsakiyar zamani. Shiru, shiru. Da na bi ta, na same ta tsaye gaban kantar, ta ba ni baya, tana rera waƙar tarihi can ƙasa-ƙasa, tana taɓa akwatunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sai daga baya na gane abin da take yi: fata take an jera su yadda waƙar ta jera zamunan. Ta jawo akwatin Latin ta miƙo mini, ta ce cikinta ke ciwo.

Muka koma gida. Na ɗauko jakar fulawa, na nuna mata bayanin yin waina da ke bayanta, na ce ta karanta mini ina auna kayan. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago ta yi mini murmushi, ta ce, "Mama, ki fara mini layin farko, ni zan ƙarasa."

Kaka, 'yata ba ta iya karatu ba. Ta san haruffa, tana gane gajerun kalmomi, daga nan sai lalube. Littattafan da nake ganin tana karantawa duk waɗanda na karanta mata ne da safe, ko muka saurara a mota. Har inda ake juya shafi ta haddace. Kwafin da nake taƙama da shi zane ne kawai, kamar yadda ake zana tsuntsu. A hannuna take tun tana goye, kuma ni ce malamarta.

Na ɗan taɓa maganar ga Misis Oberholt, na ce 'yar wata ƙawata ce. Ta yi dariya ta ce kowane yaro da lokacinsa, ai gudun masu gwada yara da ma'auni ne ya kawo mu ƙarƙashin coci. Mijina Garrett kuwa ban gaya masa ba. Aikin ƙarin lokaci yake yi don in zauna gida da yarinyar. Mahaifiyarsa tsohuwar malamar makarantar gwamnati ce, duk shekara a bikin Godiya, in dangi sun taru cin abinci, sai ta ajiye cokali ta tambaya wa ke duba aikinmu. Bara saboda ni ya tashi daga tebur kafin a yanka kek, har yau ba su gama shiryawa ba. Da wane baki zan ce masa ita ke da gaskiya?

Ƙarshen zango akwai ranar hadda. Duk yaron da ya kawo karatun shekara ba tuntuɓe ana aza masa kambun ganye, da kaka kuma ya wuce matakin manɗiƙi. Junia za ta ci, babu shakka. A manɗiƙi kuwa, ranar farko kowane ɗalibi zai miƙe ya karanta shafin da bai taɓa ji ba.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Na sayo salatif mai launi, yana bayan motata. Kuma da yake ni ke odar littattafai, nakan san na baɗi kafin kowa. Zan iya naɗar su da muryata a hutun bazara, ta haddace su, ba wanda zai sani. Wataƙila kafin nan karatun ya zo da kansa, kamar yadda Misis Oberholt ta ce. Junia ta roƙe ni kada in gaya wa babanta. Ta daɗe da sanin halin da take ciki, Kaka, ita kaɗai. Yanzu duk inda na juya a gidan sai in ga tana kallona, tana jiran ta ga wane ɓangare zan bi.

In mayar da launukan?

Mai Tsaron Akwatuna

'Yata Mai Tsaron Akwatuna,

Kin tambayi tsohuwar da Latin ɗinta bai wuce 'yan kalmomin da ke rubuce a jikin kwabon ƙasar nan ba, to ki yi haƙuri da amsar da za ki samu.

Ina da wa, sunansa Orval, Allah ya ji ƙansa. A cocinmu babu mai murya irin tasa. Yana buɗe littafin waƙoƙi daidai shafin, ya rera baiti na huɗu da kowa ke mantawa. In aka miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu ya ce kash, ya baro tabarau a gida. Tabarau ɗin nan ya fi kowa zaman gida a ƙauyenmu, ko jana'iza ba ya zuwa. Muna ta yi masa tsiya, yana taya mu dariya.

Orval yana kiwon shanu da tumaki. Gishirin lasa na shanu a jan buhu yake zuwa, na tumaki a kore. Wata shekara masu yin gishirin suka sake buhu, duka biyun suka koma farare da rubutu. Na shanu akwai sinadarin tagulla a ciki, tumaki kuwa jikinsu ba ya ɗaukarsa. Orval da bai iya karatu ba ya riƙa zuba wa tumakin na shanu. Ba rana ɗaya suke mutuwa ba. Suna ci, suna kiwo, suna kyan gani, abin yana taruwa a hanta. Sai wata safiya ya fara kwasar gawa, bai daina ba har garken ya ƙare. Gargaɗin yana jikin buhun da manyan baƙaƙe, kullum yana ɗaukarsa a kafaɗa. Daga ranar bai sake rera waƙa a coci ba.

Don haka a'a, kada ki mayar da launukan, kada kuma ki naɗi ko shafi ɗaya. Ke za ki iya liƙa salatif a ɗakin ajiyar coci. Ba za ki iya bin ta kina liƙa shi a kwalbar magani da takardar haya da allon hanya ba.

Misis Oberholt ba ƙarya ta yi ba. Akwai yaran da karatu ke zo musu a makare, kuma na ga an lalata wasu da gaggawa. Amma yaron da bai shirya ba ture littafin yake yi ya fita wasa. Wadda ta haddace inda ake juya shafi ta shirya tuntuni, ta yi aikin da ya fi karatun wuya don kada a gane. Irin wannan ba jira yake warkar da shi ba. Ki fara kai ta a duba idonta da kunnenta. In lafiya suke, ki nemi ƙwararre a kan yaran da haruffa ke rikice musu. Suna da hanyar koyarwa ta daban, kuma tana aiki, sai dai kowace shekarar da aka ƙara tana ƙara mata nauyi.

Garrett ki gaya masa wannan makon, da rana, bayan ya ci abinci. Amma ki fara sanar da Junia cewa za ki faɗa, kuma kina gefenta. Ta roƙe ki ki yi shiru, na sani. Yarinya ce, ta gaji da ɗaukar kayan, ba ta san yadda ake saukewa ba. Surukarki kuwa za ta ce ai na faɗa. Ki bar ta ta faɗa, ki ƙara mata kek. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koya wa yara karatu tana iya sanin ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, kuma jikarta ce.

Kambun ganye a aza mata, guminta ne. Manɗiƙi kuma ki je wa Misis Oberholt da gaskiya, ba da 'yar ƙawa ba, ku tsara yadda za ta shiga muhawara da bakinta yayin da idonta ke koyon nasa aikin. In ta ƙi, to kin san irin haɗakar da kike ciki.

Sauran ku da kuke karanta wannan kuna girgiza kai kuna cewa Allah sarki, ban gama da ku ba. Duk ɗakin da yara ke rera karatu baki ɗaya, akwai wanda ya ɓuya a cikin amon. Gobe da safe kowace ta ɗauko jakar fulawa ta miƙa wa gwaninta. Wasunku ba za su ji daɗin karin kumallon ba.

'Yata, Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya, ya buɗe wa Junia shafi, ya sanyaya bakin surukarki ko da rabi ne.

Amsar kacici-kacicin kuwa, hadda ce.

Kaka Verna