Inna Ta Ce Da Sauƙi

Barkin Sale, Minna
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Halimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya zafin Kaduna? Mu nan Minna sai godiya, ko inuwa ba ta da sanyi. Ɗanki Amir ya fara rarrafe.

Yaya, na san ranki ya ɓaci ranar da kika yi kiran bidiyo kika ga yadda Inna ta rame, har kika tambaye ni ko abinci ne ba na ba ta. Ban iya ba ki amsa ba, domin tana zaune kusa da ni tana yi mini ido. Ban riƙe ki a zuciya ba, ni ma da mahaifiyata ce haka zan yi. Yau ita da kanta ta ce in sanar da ke, amma ban da waya, wai gidanku da yara, kowa zai ji. Shi ya sa na ba Malam Ndanusa direba ya kawo miki hannu da hannu.

Tun bayan ƙaramar salla na lura ta daina zama a ƙofar gida wajen ƙuli-ƙulinta. Ta daina zuwa Islamiyya. Ko sunan jikar Hajiya Talatu, aminiyarta, ba ta je ba. Buta ba ta barin hannunta. Ta shiga kewaye ta fito, kafin ta zauna ta sake miƙewa. Daga baya ta rage shan ruwa, cikin zafin nan, don kada fitsari ya matsa mata. Salla ma tana yi tana kokwanton alwalarta. Ashe tana ta sayen kafso wajen mai tallar magani, ta sha na kwana biyu ta ajiye.

In na tambaya sai ta ce lafiya lau. Kin san kunyar da ke tsakaninmu, ba zan iya matsa mata ba. Jiya na gan ta ta dafe bango a bakin kewaye, ta cije leɓe. Na durƙusa na ce, "Inna, ko mu je asibiti, ko in kira Baban Amir ya taso daga wajen aikinsa a Zungeru." Jin za a gaya wa ɗanta ya sa ta ɗauko mayafi.

Likitan namiji ne, kuma yaro. Duk abin da ya tambaya, Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Sai ya tura mu wajen wata nas, Sista Mercy. Hausarta irin ta kasuwar Minna ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi da Turanci da Hausa. Kowace tambaya amsarta huɗu: babu, kaɗan, tsaka-tsaki, sosai. Ta ce da ita suke gane nauyin ciwon yau, in mun dawo a sake cike wata, a ga ko magani ya yi aiki. Layi ya yi mata yawa, Inna kuma ba ta karanta boko, don haka ta zaunar da mu a wani lungu ta ce in karanta mata.

Yaya, ki dubi halin da na shiga. Ni ce zan tambayi uwar mijina ko tana jin zafi in tana fitsari, ko yana matsa mata har ta kasa riƙewa, ko tana jin kamar bai ƙare ba, ko mararta ko kwiɓinta na ciwo, ko ta ga jini. Na karanta ta farko. Inna ta juya ta kalli bango. Can sai ta ɗora hannu a gwiwarta ta miƙe yatsu uku. Na gane tana nufin sosai. Haka muka yi har ƙarshe. In babu ta dunƙule hannu, in akwai ta nuna da yatsu. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Sai a tambayar ƙarshe, wadda ta ce ko ciwon ya hana ki shiga mutane, na ga hawaye ya ɗigo a bayan hannunta.

Likita ya duba takardar ya ce ƙwayoyin cuta ne suka kama mafitsara. Ashe abin da ke cin Inna, tsoro take a ce tsohuwa, mijinta ya rasu, ta zo da ciwon sanyi. Sista ta dafa ta ta ce, "Mama, wannan ba ciwon kunya ba ne. Ya kama ni, ya kama mamana. Mata ne yana so." Sun karɓi fitsari za a auna, sun ba mu ƙwayoyi, sun ce ta sha ruwa da yawa mu dawo ranar Juma'a.

Ki sa mu a addu'a. Ga mangwaro nan kaɗan na yara.

Taki,
Mubina


Asibiti, Minna
Ranar Asabar

Yaya Halimatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Kada gabanki ya faɗi da kika ga inda nake rubutowa. An ba Inna gado jiya, amma ga ta nan kusa da ni tana barci, numfashinta lafiya.

Jiya da safe da na kama hannunta za ta hau Keke, na ji shi rau da zafi. Muna tafe ta ce mini, "Yau ki cika musu duk babu. Mutanen nan sun yi ƙoƙari a kanmu, kada mu zama marasa godiya." Muka isa. A gaban likita ta gyara zama, ta yi murmushi, ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai." Wallahi in kin gan ta kya yarda. Shi ma ya ji daɗi, amma ya ce duk da haka mu je mu cike takarda.

Da Sista ta miƙo mini ita, na rasa yadda zan yi. In rubuta abin da Inna ta ce, na yi ƙarya a kan lafiyarta. In ƙi, na saɓa mata a gaban mutane. Na bi Sista bakin ƙofa na gaya mata a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta dawo ta jawo kujera ta ce, "Mama, ba likita ake dubawa ba, ba ni ake dubawa ba. Magani ake dubawa. In ya yi ragwanci, kai ne za ka kawo ƙaransa, mu kore shi." Inna ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Ta ce, "To, in ƙarar magani ce, zan kawo."

Ta ɗora hannu a gwiwa muka fara. Zafin fitsari ya ɗan ragu. Matsuwa da ciwon mara suna nan yadda suke. Da na zo kan ciwon kwiɓi, wanda rannan ta dunƙule hannu a kansa, sai ta miƙe yatsu uku. Zazzaɓi da rawar sanyi ma ta gyaɗa kai. Ashe tun shekaranjiya take fama, tana lulluɓa da bargo ta ce mini iskar fanka ce.

Sista ta jera takardar farko da ta jiya a kan tebur, ta bi su da yatsa, ba ta jira layi ba ta shiga wajen likita. Nan da nan aka aika ɗakin gwaji aka karɓo sakamakon fitsarin. Likita ya ce ƙwayoyin cutar ba sa jin maganin da aka ba ta, mai yiwuwa saboda kafson da ta yi ta sha tana yankewa, kuma ciwon ya fara hawa ƙoda. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka canza magani zuwa na allura. Ya ce da mun koma gida a kan "da sauƙi", da abin da zai biyo baya ba mai daɗin faɗa ba ne, balle ga mai shekarunta.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na gode wa Allah. Ina tsammanin Inna za ta yi fushi da na tona ta wajen Sista. Da na dawo sai ta matsa mini wuri a bakin gado.

Na kira Baban Amir, yana hanya. Na ce masa ciwon ƙoda ne, sauran kuwa tsakaninmu mata. Na san za ki so ki taso, amma da tsohon cikin nan naki, don Allah ki dakata tukuna.

Ƙanwarki,
Mubina


Asibiti, Minna
Ranar Talata

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya, da fatan nauyin jiki da sauƙi. Malam Ndanusa na jira a waje, don haka gajeriya ce.

Saƙonki ya iso. Dambun naman ya yi amfani, shi ne abin da Inna ta fara ci da marmari. Maganar da kika rubuto ta neman gafara kuwa, Yaya, ki bar ta. Na karanta na ji kunya.

Zazzaɓi ya sauka. Jiya ta sha ruwa kofi cike ba tare da na roƙe ta ba. Da Sista ta zo da takarda da hantsi, Inna ta ce, "Kawo, 'yar Ka, yau da baki zan amsa." Sunan da ta sa mata ke nan, saboda "ka" ɗin da take ce wa kowa. Kuma da bakin ta amsa, ko da yake ta rage murya don kada ta gadon kusa ta ji. Kwiɓi kaɗan, mara kaɗan, zafi babu. Likita ya ce in aka ci gaba haka za a sallame mu gobe ko jibi, ta ƙarasa magani a gida, ba tsallake ko ɗaya.

Baban Amir ya kwana biyu ya koma aiki. Mahaifiyata ce ke riƙe da Amir a Tudun Fulani, kullum tana aiko mana da kunu. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Mubina


Barkin Sale, Minna
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Halimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar farin ciki. Yaya jiki, yaya Alhaji da yara? An yi ruwan farko a nan, gari ya yi sanyi, har an fara ganin manoma da garma a hanyar Bosso.

Ki yi haƙuri da shirun da na yi, so nake in rubuto miki da labari cikakke. Inna ta shanye maganinta tas. Ranar Alhamis muka koma. An sake auna fitsari, likita ya ce fes yake. Takardar kuwa, tun daga sama har ƙasa babu, sai yawan fitsari da ta ce kaɗan, ta ƙara da cewa wannan na tsufa ne, kada a ɗora wa magani laifi. Akwai wata tambaya da ke cewa yaya kike ji yanzu in aka kwatanta da zuwanki na farko. Ban gama karanta amsoshin ba ta ce, "Rubuta na warke." Sista ta tafa mata. Mun kai wa Sistar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta ƙi karɓa, Inna ta ce in ba ta karɓa ba sai ta koma gadon ta kwanta. Dole ta karɓa.

Jiki ya fara dawowa, zanin da ya yi mata yawa ya fara zama. Tana salla hankali kwance. Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu, Salamatu mai koko, ta shigo tana ta kewaye-kewayen magana, wai wata 'yar'uwarta ce ke fama da mara. Inna ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Salamatu, ɗauko mayafinki, ni zan raka 'yar'uwar taki." Suka tafi su biyu, suka dawo da magani, da ranar komawa.

Ni dai ban san wa zan fara gode wa ba bayan Allah. Likitan da bai tsaya a kan amsar baki ba, ko Sista Mercy, ko wanda ya zauna ya tsara tambayoyin nan yadda mace za ta iya amsawa ko ta kasa buɗe baki. Ban san shi ba, amma ina sa shi a addu'a. Ina gode wa Inna ma, domin ba ƙaramin abu ba ne babba ya bari ƙaramin da ke jin nauyinsa ya san ciwonsa.

Tana zaune nan tana ɓare gyaɗa, ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Na ce ke. Ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga ta:

"Ki gaya wa ta Kaduna ta zauna ta haihu lafiya, kada ta hau mota saboda ni. In ta sauka ni zan zo. Kuma ta daina damuwa wai ba ni da 'ya a kusa. Ina da ita, ita ce ke riƙe da biron nan."

Na rubuta, Yaya, don ta ce kada in gyara. In kin ga rubutun ya karkace a wurin, ki yi mini uzuri.

Ki gaida Alhaji da yara. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Mubina